Shekara biyu da Last.fm: abin da nake so da abin da nake ji

Ƙanwata ce ta jawo ni ciki. Mun daɗe muna musayar waƙoƙi ni da ita, amma duk sanda ta ce, "Yaya, me kake ji kwanan nan?" sai in lissafo mata albam biyu ko uku da nake girmamawa tun ina saurayi. Ba ƙarya nake yi mata ba, su ne ke fara zuwa bakina. Ran nan ta ce, "Yaya, ban tambaye ka abin da kake so ba, abin da kake ji na tambaya. Buɗe Last.fm mu gani." Na buɗe don kawai in faranta mata rai. Yau shekara biyu ke nan, kuma ban taɓa kashe shi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Last.fm ba wurin sauraron waƙa ba ne. A da yana da rediyonsa, amma ya rufe ta a 2014. Aikinsa yanzu shi ne rubutawa. Za ka haɗa shi da manhajar da kake jin waƙa da ita, duk waƙar da ka saurara ya rubuta sunanta, da mawaƙin, da albam ɗin, da rana da sa'a. Kowane rubutu ɗaya suna kiransa sikirobul. Sunan ya samo asali ne daga Audioscrobbler, manhajar da Richard Jones ya ƙirƙira a 2002 yana ɗalibi a Jami'ar Southampton da ke Ingila, kafin ta haɗe da Last.fm, kamfanin CBS na Amurka kuma ya saye su a 2007. Tsoho ne a intanet, kuma tsufan nan nasa yana cikin abin da ya sa na amince masa. Akwai mutanen da tarihin saurarensu na kusan shekara ashirin ke ajiye a can.

Haɗa shi bai ba ni wahala ba. Da Spotify dannawa biyu ce a cikin saituna. Waƙoƙin da ke ajiye a wayata kuwa, sai da na ba manhajar Last.fm izinin ganin sanarwar waya kafin ta fara kama su, ga YouTube a kwamfuta kuma na sa wani ɗan ƙari a burauza mai suna Web Scrobbler.

Akwai wata ƙa'ida tasa da na fi so fiye da komai. Ba ya ƙirga waƙa sai ka ji rabinta, ko ka ji minti huɗu idan doguwa ce, kuma wadda ba ta wuce daƙiƙa 30 ba ba ta shiga lissafi sam. Ke nan waƙar da ka danna ka ji farkonta ka tsallake ba ta zama shaida a kanka. Wadda ka zauna da ita ce kaɗai ke shiga littafi. Shi ya sa da na duba lissafin watan farko ban iya musa shi ba. Albam ɗin da nake ta ambata wa ƙanwata, sau ɗaya tak na ji shi a watan. Abin da ke saman jerin wata 'yar waƙa ce mai sanyi, goge da murya kawai, wadda nake sakawa da dare idan na gama aiki, har ban ma ɗauke ta a matsayin waƙar da nake so ba. Sau 40 da ɗoriya na ji ta. Na daɗe ina kallon lambar nan. Ashe akwai waƙar da mutum ke yabo a gaban jama'a, akwai kuma wadda ke ɗauke masa gajiya ba tare da ya taɓa gode mata ba. Tun daga ranar, idan aka tambaye ni, ta biyun nake faɗa, kuma hirar ta fi daɗi nesa ba kusa ba.

Hirar ita ce ainihin abin da ya riƙe ni. Idan ka shiga shafin wani, za ka ga abin da yake ji a daidai lokacin, da manyan mawaƙansa na mako, na wata, na shekara, har na tun ran da ya buɗe. A sama kuma Last.fm zai auna muku yadda kunnuwanku suka dace, daga ƙasa sosai zuwa ƙololuwa, ya nuna mawaƙan da kuka haɗu a kansu. Ni da ƙanwata a tsaka-tsaki muka fara. Abin ya ɗan sosa mata rai, don ta ɗauka jini ɗaya kunne ɗaya ne. Sai muka yi yarjejeniya: kowane mako kowa ya ɗauki albam ɗaya daga jerin ɗan'uwansa ya ji shi daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Babu damar cewa "na ji" alhali ba a ji ba, tunda shafi na nan yana ba da shaida. Ta haka na shiga kiɗan da na yi shekaru ina wucewa ta gefensa, ita kuma ta gane dalilin da ya sa nake son doguwar waƙa mai ba da labari, wadda ba ta gaggawar kai wa ga amshi.

Akwai wani abokina kuma da nisa ya raba mu, wanda magana tsakaninmu ta koma gaisuwa kawai. Wani dare na ga shafinsa yana nuna waƙa ɗaya tana ta maimaituwa, sau shida a jere. Na san waƙar, na kuma san ba ta lokacin farin ciki ba ce. Na kira shi na ce, "Abokina, lafiya kuwa?" Ya yi shiru, sannan ya fara magana. Mun kai awa biyu. Ba don wannan aka gina manhajar ba, amma ni dai abin da ta yi mini ke nan.

Wannan kuma shi ne wurin da zan ja kunnen mai son shiga. Shafinka a buɗe yake ga kowa, sai in ka shiga saituna ka ɓoye abin da ka ji kwanan nan. Waƙa tana tona abin da ke zuciya fiye da yadda muke zato. Ni na bar nawa a buɗe da sanina, wani kuwa ba zai so ba, kuma yana da gaskiya. Abu na biyu, lambobi suna da jan hankali. Na taɓa samun kaina ina zaɓar gajerun waƙoƙi don lissafi ya hau, sai na ga ina neman ɓata abin da na zo nema. Na daina duba jimillar, sai rahoton mako kawai.

Matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya daga wajena take. Tsofaffin waƙoƙin da na tara a waya shekara da shekaru, da yawansu sunayensu a hargitse suke: wata an rubuta sunan mawaƙi a wurin sunan waƙa, wata sunan shafin da aka sauke ta ne a maƙale, mawaƙi ɗaya an rubuta sunansa kala uku. Last.fm abin da aka ba shi yake rubutawa, don haka sai mutum ɗaya ya rabu uku a jerina. Na kwashe kwana biyu ina gyara sunayen a kan fayilolin kansu. Mai biyan kuɗin Pro yana iya gyara abin da ya riga ya shiga, ni kuwa na kyauta nake amfani da shi, kuma ya ishe ni. Wanda duk waƙoƙinsa daga manhajar sauraro suke zuwa ba zai gamu da wannan sosai ba.

Mutane kan tambaye ni bambancinsa da Wrapped, wato taƙaitaccen lissafin waƙoƙin da mutum ya fi ji, wanda Spotify ke fitarwa a ƙarshen shekara. Wancan biki ne na rana ɗaya, kowa ya watsa hotonsa a wuce wurin, kuma abin da ka ji a Spotify kaɗai ya sani. Wannan yana tare da kai kullum, yana tattaro komai daga ko'ina, kuma kana iya komawa kowace rana ka ga abin da ka ji a cikinta. Ban san darajar hakan ba sai da na koma makon da aka haifi ɗiyata. Na manta sarai da abin da nake ji a daren da nake zaman jira, amma ga shi a rubuce, ƙarfe uku da minti goma sha biyu na dare, waƙar gogen nan ce. Na tura wa ƙanwata hoton shafin. Ta amsa da cewa, "Yaya, ajiye mata. Idan ta girma a kunna mata."