IGV: manhajar da ta nuna mini harafin sikila ƙuru-ƙuru

Tun muna aji biyu a jami'a ake nanata mana cewa sikila sauyin harafi ɗaya ce tak a DNA: a ƙwayar gadon HBB da ke kan kuromosom na 11, GAG ya koma GTG. Na haddace, na ci jarrabawa da shi, amma ban taɓa ganin abin da idona ba sai watan jiya, da na sauke IGV, wata manhajar kallon bayanan DNA, a tsohuwar kwamfutata, a ɗakinmu na Unguwar Rogo nan Jos.

Masana a cibiyar Broad ta Amurka ne suka ƙirƙiro ta, kuma kyauta ce, ko sisi ba a biya. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ga ɗalibar da kuɗin data ma sai ta yi lissafi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ban taɓa bayanan marasa lafiya ba. Na ɗauko bayanan DNA na shirin 1000 Genomes, wanda kowa ke iya saukewa, kuma har da samfuran Yarabawan Ibadan da na mutanen Esan a ciki. Na rubuta HBB a akwatin bincike, nan take ta kai ni wurin. Guntayen DNA da injin ya karanto sukan jeru kamar tubalin gini, duk ruwan toka muddin sun yi daidai da taswirar DNA ta asali da ake gwada su da ita. Inda aka samu saɓani sai launi ya fito: A kore, T ja, C shuɗi, G ruwan ƙasa. A samfurin mai AS, kusan rabin layukan kore ne a gurbi guda, rabi ruwan toka. Wallahi sai da na kira ƙanwata, ita ma AS ce, na ce, "Zo ki ga naki."

Abu biyu sun ruɗa ni, kuma duk laifina ne. Na farko, ina neman T sai na ga A. Ashe DNA zare biyu gare shi, HBB kuma a kan ɗaya zaren take, ana karanta ta a juye, don haka a allo sauyin yakan fito a matsayin T zuwa A. Na biyu ya fi ban haushi. Na ɗora fayil ɗin da aka tsara bisa hg38, sabuwar taswirar DNA ta ɗan Adam, a kan tsohuwar taswirar hg19, allon ya cika da launuka kamar zanen atamfa. Na kwana ina zaton fayil ɗin ne ya lalace, alhali sauya zaɓi ɗaya ne a kusurwar hagu ta sama.

Sai dai a san iyakarta. IGV ta kallo ce, ba ta jera ɗanyen bayanan da suka fito daga inji. Dole a ba ta fayil ɗin BAM ko CRAM, wato na guntayen DNA da aka riga aka jera, tare da ɗan fayil ɗin fihirisarsa, in babu shi ba za ta buɗe ba. Wannan aikin jerawar a Galaxy nake yin sa, wani shafin intanet na sarrafa irin waɗannan bayanai, tunda kwamfutata ba za ta iya ba. Komai nata kuma da Turanci yake.

Taswirar hg38 ɗin na sauke ta gaba ɗaya na ajiye, saboda ranakun da babu sabis. Mako mai zuwa zan gwada ta da bayanan ƙwayar murar tsuntsaye, don wata ƙawata da ke aiki a ɓangaren dabbobi a Vom ta ce ita ma da IGV take duba nata.