Makonni 12 a ajin nazarin adabi na yamma a Zariya

Na yi rajista a wata cibiyar darasin yamma da ke Zariya domin in gyara rauni guda ɗaya da ya daɗe yana damuna, wato yadda nake amsa tambayoyin adabin Hausa a jarrabawa. Tun ina ƙaramar sakandare nake karanta littattafan Hausa, kuma babu wanda ya fi ni riƙe labari a ajinmu, amma duk lokacin da aka dawo mana da takardunmu sai in tarar makina bai kai na waɗanda ban taɓa ganin littafi a hannunsu ba. Wani malaminmu ya taɓa rubuta mini a ƙasan takarda cewa na ba da labari ne, ban yi nazari ba, kuma na shafe fiye da shekara ban fahimci abin da yake nufi ba. Tun da yake zan faɗi abin da ya yi mini daɗi da wanda bai yi ba, na ga ya fi dacewa in bar sunan cibiyar da na malamanta, in bayyana tsarin aikinsu dalla-dalla yadda mai neman irin wannan darasi zai san abin da zai tambaya kafin ya biya kuɗinsa.

Wurin shago ne babba da aka fasa bango aka haɗa da na kusa da shi, da benci da allo da fanka biyu waɗanda ba sa juyawa sai an kawo wuta. Ana shiga bayan sallar la'asar, a tashi dab da magariba, sau 3 a mako, kuma ana biyan kuɗi wata-wata. Yawancin masu zuwa 'yan ajin ƙarshe na sakandare ne da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO, sai kaɗan daga cikin waɗanda suka riga suka gama suna neman gyara sakamako.

Abin da ya bambanta ajin adabi da sauran darussan cibiyar shi ne malamin ba ya tsayawa gaban allo yana karanto bayani ana kwafa. A ranar farko ya raba mu rukuni-rukuni na mutum 6, ya ba kowa aikinsa. Akwai jagora wanda ke buɗe tattaunawa ya kuma raba damar magana, akwai magatakarda mai rubuta matsayar da aka cimma, akwai mai zaƙulo hujja wanda littafi ba ya barin hannunsa domin duk wanda ya faɗi magana sai ya nuna shafin da ke goyon bayanta, sannan akwai mai ja, wanda aikinsa shi ne ya ƙi yarda da abin da aka faɗa har sai an gamsar da shi. Ragowar biyun su ne mai kula da lokaci da mai gabatar da aikin rukuni a gaban aji. Kowane mako biyu ake juya ayyukan, don haka a cikin makonni 12 kowa ya ɗanɗana kowace kujera, kuma ba a yarda mutum ya yi musaya da abokinsa ba ko da ya roƙa.

Littafin da muka fi daɗewa a kansa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda malamin ya ce ya zaɓa ne saboda gajarta da kuma yawan abin da za a iya tonowa a cikinsa. Ya fara da ba mu tarihinsa a taƙaice: yana ɗaya daga cikin littattafai 5 da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara a nan Zariya, marubucinsa kuwa a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Wannan bayani bai ɗauki minti 10 ba, kuma na yaba da hakan, domin na san ajin da ake cinye mako guda a kan tarihin marubuci ba a buɗe littafinsa ba.

Tambayar farko da aka ba rukuninmu ita ce mu fitar da babban jigon littafin, kuma ni ne jagora a wannan zagaye. Ban tsaya jin ta bakin kowa ba na fara zuba: yadda fadawa suka yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, hassada har aka kore shi, yadda aka sace Umar yana ƙarami, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim aka ƙetare hamada da shi, yadda mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta. Na yi kusan rabin lokacinmu ina wannan, ina jin daɗin kaina, sai yarinyar da ke riƙe da aikin mai ja ta ce da ni cikin ladabi, "To Malam jagora, duk wannan mun karanta, mene ne jigon?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. A wannan yammacin ne na gane abin da tsohon malamina ya rubuta mini, domin na san duk abin da ya faru a littafin amma ban taɓa tambayar kaina abin da marubucin ke son mai karatu ya gani ta hanyar waɗannan abubuwa ba.

Gardamar da ta biyo baya ita ce mafi amfani da na taɓa shiga a aji. Mutum uku suka ce jigon shi ne bauta da yadda take raba uwa da ɗa, biyu suka ce haƙuri ne da yarda da ƙaddara, tun da mai ba da labarin ba ya nuna ɗaci a kan abin da ya same shi, kuma ta cikin wannan wahala ce ya sami ilimin da ya mai da shi Shaihu. Mai zaƙulo hujja ya riƙa buɗe shafuka yana karanto wa kowane ɓangare abin da ke ƙarfafa shi da abin da ke karya shi. Da malamin ya iso teburinmu bai yanke mana hukunci ba, ya dai nuna mana cewa ana iya ɗaukar ɗaya a matsayin babban jigo, ɗayan ya zama ƙaramin jigo, muddin za a iya warware shi daga farkon littafi zuwa ƙarshensa ba tare da an tsallake abin da bai dace da ra'ayin mutum ba. Daga nan ne kalmar warwarar jigo, wadda a da nake haddacewa kamar sunan magani, ta zama aikin da na san yadda ake yinsa.

Haka aka yi da zubi da tsari. Wani yaro da bai cika magana ba, a makon da aikin mai ja ya faɗo kansa, ya tambaya yadda Shaihu Umar, wanda shi ne ke ba almajiransa labarin rayuwarsa da bakinsa, ya san abubuwan da suka sami Makau da mahaifiyarsa a wuraren da shi ba ya nan. Mun yi ta kai da kawo a kan ko wannan rauni ne a ginin labarin ko kuwa dabara ce irin ta mai ba da labari a gaban jama'a, wanda masu saurare ke ba shi damar ya faɗi abin da ya ji daga baya kamar a gabansa aka yi. Ba mu daidaita ba, amma na tabbata da ba a ɗora wa yaron nan aikin ja ba, da tambayar ta mutu a cikinsa.

Ni kuwa kowace kujera da na hau sai ta tona mini wani hali. Da na zama magatakarda, na rubuta rahoton rukuni cikin kyakkyawar Hausa, amma da aka karanta sai abokan aikina suka ce ra'ayina ne na rubuta na sa musu suna, kuma da na sake dubawa na ga gaskiyarsu, domin duk maganar da ban yarda da ita ba na taƙaita ta a layi ɗaya. Aikin mai ja ya fi kowanne yi mini wuya, saboda a rukuninmu akwai wani magidanci da ya girme mu da shekaru masu yawa, wanda duk muke kira Yaya, ya dawo gyara takardunsa domin neman ƙarin girma a wurin aiki. Ya ce tauraron littafin mahaifiyar Umar ce, na ga hujjarsa ba ta tsaya da ƙafafunta ba, amma kara ta hana ni cewa komai har lokaci ya kusa ƙarewa. Shi da kansa ya juyo ya ce, "Ƙanena, kuɗi na biya don a ja da ni, idan ka yi shiru ka cuce ni." Na ja da shi, ya kare kansa da hujjar da ta fi ta farko ƙarfi, har na koma ina shakkar matsayina. A ganina wannan shi ne babban amfanin tsarin a wurin da aka tarbiyyantar da mu a kan kada mu musa wa na gaba: tun da aiki ne aka ɗora wa mutum, musun ba ya zama rashin kunya.

A ƙarshen kowane zagaye ana raba mana takardar auna kai mai tambayoyi kaɗan, inda mutum zai faɗi aikin da ya riƙe, da abin da ya kawo wa rukuni, da wurin da ya sauya ra'ayi da kuma maganar wa ta sa ya sauya. Da farko na ɗauke ta ɓata lokaci, na cika ta da yabon kai. Malamin ya dawo mini da ita ya ja layi a ƙarƙashin tambaya ta uku wadda na bari fayau, ya ce ɗalibin da ya yi mako biyu yana tattaunawa da mutum 5 bai sauya ra'ayi ko sau ɗaya ba, to bai saurari kowa ba. Na ajiye takardun nan guda 6, kuma idan na jera su ina ganin yadda amsoshina suka tashi daga "na taimaka sosai" zuwa ambaton shafi da sunan dabarar da aka yi amfani da ita.

Inda cibiyar ta gaza a fili shi ne ɓangaren rubutacciyar waƙa. Wata malama ce ta ɗauke mu, kuma ta yi ƙoƙari wajen adon harshe, domin ta sa mun bambance kamantawa da siffantawa da mutuntawa ta hanyar sa kowane rukuni ya ƙirƙiro misalansa. Bayanin baiti da ɗango da amsa-amo, da bambancin waƙa 'yar ƙwar biyu da 'yar ƙwar biyar, shi ma ya tafi daidai. Amma da aka zo karin waƙa sai aka koma tsohon yayi, aka cika allo da sunayen bahar, wato ma'aunan waƙar Larabci, irin su ɗawili da basiɗi da kamili, aka ce mana Halilu ɗan Ahmadu na Basara ne ya tsara ilimin aruli, wato ilimin awon waƙa, aka umarce mu mu kwafa. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka babu yadda ɗalibi zai raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi idan bai ji an rera baitin ba, kuma a cikin makonni 3 da muka yi a kan waƙa ba a rera ko baiti ɗaya ba. A wannan ɓangaren ayyukan rukuni sun zama suna kawai, domin mai ja ba zai ja da abin da bai fahimta ba, mai zaƙulo hujja kuma bai san abin da zai nema ba. Abin kaɗan da na iya na koye shi ne a gida wurin kakana, wanda ya saba rera waƙoƙin wa'azi da ajami, ya riƙa buga yatsa a kan tabarma yana nuna mini inda murya ke tsayawa.

Matsala ta biyu ta shugabancin cibiyar ce. Da jarrabawa ta matso sai aka ci gaba da karɓar sababbin ɗalibai ba tare da an ƙara aji ba, rukunin mutum 6 ya koma na mutum 9, uku suna zaune babu aikin da aka ba su, hayaniya kuma ta yi yawa har jagora ba ya jin na ƙarshen benci. Wasan kwaikwayo, wanda aka bari zuwa ƙarshe, a cikin wannan cunkoso aka yi shi a gurguje. Haka kuma ba a gaya mana a lokacin rajista cewa kuɗin hoton takardu daban yake ba, sai da aka fara raba su aka ce kowa ya kawo, abin da ya sa wasu suka riƙa leƙa ta maƙwabci.

Wanda matsalarsa irin tawa ce, wato ya san labari amma bai iya kafa hujja a kansa ba, zai amfana da ajin zube, wato na ƙagaggun labarai, na wannan cibiya fiye da kuɗin da zai biya, musamman idan ya shiga da wuri kafin a cika. Wanda waƙa ce ke ba shi wahala kuwa gara ya nemi wanda zai rera masa. Kafin mutum ya biya a kowace cibiya mai irin wannan tsari, ya kamata ya tambayi yawan mutanen da ke cikin rukuni, da ko ana juya ayyukan da gaske, da ko malami yana karanta takardar auna kai ya mayar da ita da gyara. A satin da muka gama na sake amsa tsohuwar tambayar jigo da na faɗi a makaranta, na kai wa malamin, ya ba ni 14 cikin 20, ya rubuta a gefe cewa har yanzu sakin layina na farko labari ne.