Derrida ko Foucault, wa za ka fara karantawa?

Dukansu biyu masana falsafa ne na Faransa. Ni dai in ka tambaye ni, fara da Foucault. Mutumin tarihi yake bi, gidan mahaukata, asibiti, kurkuku, a littafinsa na 1975 kan gidan yari ya ɗauko tsarin ginin kurkuku da Bentham, wani masanin falsafa ɗan Ingila, ya zana, hasumiya a tsakiya ɗakunan fursunoni zagaye da ita, fursuna bai san ko ana kallonsa ba sai ya koma shi ke gadin kansa. Nan take za ka gane inda ya dosa.

Shi kuwa Derrida, haifaffen Aljeriya a 1930, wallahi sai ka ɗaura ɗamara. Rubutu yake kamawa ya bi shi layi-layi, ya nuna maka yadda marubuci ya fifita abu ɗaya kan wani, misali magana kan rubutu, alhali hujjar tasa a kan wanda ya raina ɗin take tsaye, har rubutun ya warware kansa da kansa. Littattafai uku ya fitar a 1967 kaɗai, kuma babu mai sauƙi a ciki.

Su kansu ba su kwashe lafiya ba, a 1963 Derrida ya caccaki yadda Foucault ya karanta Descartes, wani tsohon masanin falsafa na Faransa, martanin Foucault bai fito ba sai 1972, da zafinsa kuwa.