Fentin ruwa ko akirilik don littafin zane na kullum?

'Yar'uwa, tsakanin fentin ruwa da akirilik da kika tambaya don littafin zanenki na kullum, ɗauki fentin ruwa kawai, kada ki tsaya dogon lissafi.

Nawa ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, launi goma sha biyu busassu a jere, samfurin Cotman da Winsor & Newton ke yi wa masu koyo. Ya daɗe a hannuna har shuɗin ya yi rami a tsakiya, murfin da nake gauraya launi a kai kuma ya rine da wani toka-toka da na ƙi wankewa, don da shi nake yin inuwa. Ranar da na gaji tilis sai in buɗe, in ɗiga ruwa, in zana kofin da ke gabana ko takalmin da wani ya tuɓe a bakin ƙofa, cikin 'yan mintuna na rufe. Abin da ya sa ban yar da al'adar ba ke nan, babu shiri babu wanke-wanke. Dalili kuwa ƙaro ne ke riƙe launin, shi kuma ƙaro ko ya bushe ruwa na narkar da shi. Wanda kika bari jiya, yau kina taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi zai farfaɗo.

Akirilik ɗin ma ina da shi, yana can ƙasan durowa, kuma da ban saya ba da ban rasa komai ba. Roba ce a cikinsa, in ya bushe shi ke nan. Wanda kika matso ba ki ƙarar ba ya tafi, buroshin da kika manta ba ki wanke ba sai shara. Mafi ciwo, shafi biyu da aka shafa wa shi suna mannewa in an rufe littafin, balle da zafi, ki zo buɗewa wannan ya ɗebo zanen wancan. Sai dai akirilik yana rufe kuskure, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Fentin ruwa ba ya rufe komai. Daga launi mai haske ake farawa a tafi mai duhu, farin takardar kuma shi ne farinki, in kika shafe shi ya tafi. In abin ya dame ki, ƙara farin guwash ƙwaya ɗaya, wato wani irin fentin ruwa da ke rufe abin da ke ƙarƙashinsa, shi ma da ƙaro ake yin sa, ya ishe ki ɗigon haske a ido ko a bakin kofi.

Inda za ki kashe kuɗi shi ne takarda. Nemi littafin da aka rubuta 300 gsm a bangonsa, wato ma'aunin nauyin takarda da ke nuna mai kauri ce, girman A5, wato rabin takardar fotokwafi, don babban shafi tsoro yake ba mutum ranar da ba shi da kuzari. Takarda marar kauri tana shan ruwa sai ta lanƙwashe, launin ya taru a kwari ya bushe da tabo, ki ɗauka hannunki ne bai iya ba. Takardar da aka yi da auduga ta fi wadda aka yi da itace riƙe laima, tana ba ki lokacin gyara kafin ta bushe.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan kasuwar intanet. Akwai masu lika sunan babban kamfani a kan jabu, akwai masu rubuta "auduga zalla" alhali ko zare babu. Kada akwati mai launi arba'in da takwas ya ruɗe ki, sau da yawa alli ne da rini, in rana ta dake shi sai ya koɗe. Fenti na gaskiya yana ɗauke da lambar sinadarin launinsa a jikin kwali ko takardar da aka naɗe shi, misali PB29 a kan shuɗin ultramarine. Ki ce mai sayarwa ya turo miki hoton wannan lambar da na bangon littafin kafin ki tura ko sisi, in ya fara kame-kame ki wuce gaba.