Oga, tsakanin POS da aikin albashi a banki, ga nawa

Oga barka da ajiye kaki, Allah ya sanya albarka a kuɗin sallama. Tsakanin ka buɗe POS naka na kanka da wancan aikin bankin da ka ce an maka tayi, ni dai POS zan ce maka kai tsaye, don shi nake yi a nan Kawo, Kaduna, tun da na bar bariki.

Dalilina ɗaya ne, kai fa kana da fansho, wata na ƙarewa alat zai shigo ko ka fita ko ba ka fita ba, to albashi na biyu da za ka je kana yi wa yaro sa'an ɗanka yes sa a kansa na mene ne? Wanda ba shi da fansho shi ke tsoron ranar da ba ciniki. Ni da na fara da lema ɗaya da benci, ranar Talata in kasuwar Kawo ta ci wallahi ko sallar azahar sai mun yi karɓa-karɓa da yarona, masu hatsi da masu awaki duk wajena suke zuwa, wai sun ji tsohon soja ne ba zai ci musu kuɗi ba kuma ɓarawo zai yi tunani sau biyu. Akwai wata dattijuwa mai ƙosai da ba ta yarda kowa ya taɓa katinta sai ni, in ba na nan komawa take yi sai gobe. A wajenmu dubu biyar cajin naira 100 ne, ba yawa, amma kafin magariba ya taru.

Aikin bankin kuma to, albashi ne ba laifi, in ma'aikaci ne na gaske za a zuba maka fansho kashi 10 kai a cire maka 8, sai dai ka tambaya da kyau don yawancin tsofaffin sojoji ta hannun kamfanin kwantiragi ake ɗaukarsu gadi ko rakiyar motar kuɗi, sunanka ma ba ya cikin ma'aikatan bankin.

Ba wai POS ɗin ba shi da ciwon kai ba ne. Netwok zai ɗauke, a cire wa kwastoma kuɗi kai bai shigo maka ba ya tsaya yana maka ihu, nan sai ka danne zuciyar soja. Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi mun sha wuya, tsabar kuɗin ma saye ake yi. Sannan tun 2024 sai da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, babban banki CBN kuma ya sa iyakar cire tsabar kuɗi, kwastoma ɗaya dubu 100 a rana, kai kuma miliyan 1.2 gaba ɗaya a rana, don haka kar wani ya ruɗe ka da lissafin miliyoyi.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, da an ji giratuti ya sauka za su yi maka ca. Masu sayar da na'ura ta hannu a tsada wadda sunan wani ke kanta, da masu cewa kawo jari mu juya maka duk wata ka ci riba kana kwance, ka ga dai yadda CBEX, manhajar zuba jarin nan da ta rushe da kuɗin jama'a, ta yi da mutane a 2025. Na'ura ka karɓa ta wakilin Moniepoint ko OPay da ka tabbatar da shi, da BVN ɗinka da sunanka, kuma kar ka miƙa kuɗi don an nuna maka alat a waya sai ka gani a naka balans.

Ka ware kaɗan daga kuɗin sallamar ka fara, sauran ka bar su inda suke, ka samu wuri kusa da kasuwa ko tasha, watannin farko kuma ka zauna da kanka kafin ka ɗora yaro.