Yini guda a dajin Pureora muna ɗaukar hoton laimar kwaɗi

Duk wanda ke zaune a Niyu Zilan kuma yake son ɗaukar hoto, ya gwada bin ƙungiyar masu yawon daji ranar da suka fita neman laimar kwaɗi. Ni na bi wata ne a watan Mayu, ƙarshen kakarsu, lokacin da sanyi ya fara shigowa ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf. Ba a biyan jagora ko sisi, kuɗin mai kawai muka haɗa wa masu motoci, kuma an bar ni na bi su ba tare da na yi rajista ba.

Pureora na yamma da tafkin Taupo. Itatuwan rimu da totara da matai na wurin sun yi ɗaruruwan shekaru, kuma da ba don mutanen da suka hau kansu suka zauna a 1978 ba har aka dakatar da sara, da yawancinsu sun zama katako. A ƙarƙashinsu duhu ne ko da rana tsaka, gansakuka ta rufe komai.

Abin da ya fi ƙayatar da ni jagorarmu ce, wata dattijuwa mai haƙuri. Ita ta koya mana duƙawa mu duba ruɓaɓɓen kututture da tarin ganye, maimakon ɗaga kai sama. Ta raba mana ƙananan madubai, a sa a ƙasa a ga cikin hular laimar kwaɗin ba tare da an tsinke ta ba, domin dajin na hannun hukumar kare muhalli ne, ba a cire komai sai da izini. Ta kuma ja kunnenmu sosai: kada wanda ya kai ko ɗaya baki, wasu dafinsu na lalata hanta.

Can wajen azahar ta kira mu a hankali. Wata shuɗiyar laimar kwaɗi ce da Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira werewere-kokako, tsayinta bai kai ɗan yatsa ba, launinta kamar an tsoma ta a marinar Ƙofar Mata. Ita ce ke bayan takardar dala 50 ta ƙasar, tare da tsuntsun kokako da hoton wannan daji ɗin. Na kwanta rub-da-ciki cikin laka, wani ya riƙe min tocila ta gefe, sannan hoton ya fito. Hasken waya kai tsaye kashe launin yake yi.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba. An haɗa masu son tafiya da masu son hoto a ayari guda. Su suna so a kai ƙarshen hanya, mu kuwa kututture ɗaya kan riƙe mu. Bayan cin abinci aka fara gaggauta mu, muka wuce kunnen-itace da yawa, wato laimar kwaɗi mai kama da kunne da ke fitowa a jikin itace, ban ɗauka ba. Ya kamata a raba ayarin biyu tun daga mota.

Zan sake binsu. Wanda zai je ya riƙe rigar ruwa, takalmi mai kama ƙasa, tocila, ledar durƙuso da shayi mai zafi a fulas. Ya kuma sauke iNaturalist, manhajar tantance tsirrai da sauran halittu, tun daga gida, don babu sabis a cikin dajin. Da dare na ɗora hotunana a manhajar, masana suka taya ni tantance su.