Birkin dis a gaban Bitil ɗin mahaifina: abin da na gani bayan damina guda

Motar da nake magana a kanta Volkswagen Bitil ce, mai inji 1300, ƙirar 1971, irin wadda yara ke bi da gudu suna kiran kunkuru. 'Yar Jamus ce, ta shigo ƙasar nan tun kafin a buɗe kamfanin harhaɗa Volkswagen a Legas a 1975. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da ita ya kai mu makaranta, kuma da ya rasu ni na karɓe ta. Ba ajiye ta nake yi ana kallo ba. Ina shiga gari da ita a nan Jos, wani lokaci har Akwanga, kuma wannan hanyar ce ta sa na taɓa mata birki.

Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo ya san abin da nake nufi. Wata rana ina saukowa a giya ta uku, da babbar mota a gabana tana rarrafe, dole ina ta taka birki a kai a kai. Kafin in kai ƙasa sai na ji ina taka birki da ƙarfi amma motar ba ta ji kamar yadda ta saba, ga wani warin ƙuna yana shigowa. Na samu na mayar da ita giya ta biyu, Allah ya kiyaye, na gangara gefe na tsaya. Wilin gaba ba ya taɓuwa don zafi. Babu abin da ya lalace. Haka birkin duram yake: shu ɗin, wato abin da ke goga ya tsayar da taya, yana cikin rufaffiyar ganga, zafi ba shi da mafita, gangar ta buɗe kaɗan, shu ɗin kuma ya rage kamu. Da ya huce sai ya dawo daidai. Amma ni daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya da shi ba.

Na yi wata biyu ina kai-kawo a raina kan sa mata birkin dis a gaba, wato mai buɗaɗɗen faifai maimakon ganga, domin ba na son in sa mata abin da ba nata ba. Abin da ya raba min gardama shi ne Volkswagen da kansu sun yi wannan aikin. Tun 1966 suka fara sa birkin dis a gaban motarsu Karmann Ghia da kuma Bitil mai inji 1500 da ake sayarwa a Turai. Tamu mai 1300 ce shi ya sa ta zo da duram. Ƙafar gaban iri ɗaya ce, mai boljoyin, wato gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta, wilin ma mai noti huɗu ne, don haka babu yanka babu walda. Na sa ɗan'uwana da ke waje ya sayo min cikakken saiti irin na Ghia, aka haɗo shi a kaya.

A cikin kwalin akwai faifan dis guda biyu, kalifa biyu masu matse faifan da fad ɗinsu, sipindil biyu (ƙarfen da taya ke hawa) masu kunnen da ake ɗaure kalifa, boris, sil, tiyon man birki da farantin tare ƙura. Faifan da sipindil ɗin ba ni da abin cewa a kansu, ƙarfe ne mai nauyi kuma an gyare shi da kyau. Boris ɗin ne suka ɓata min rai. Babu sunan kamfani a jikinsu, kuma da bakanikena ya juya ɗaya a yatsa sai ya miƙo min ya ce, "Alhaji, ji da kanka." Kamar da yashi a ciki. Kuɗin saitin ya fi na sababbin tayoyi huɗu, amma a ce mai sayarwa ya yi rowa a kan abin da taya ke juyawa a kansa, wannan ban yafe ba. Sai da na shiga kasuwar Dilimi na nemo masu kyau. Takardar bayanin ma shafi ɗaya ce, hotonta duk ya dushe.

Bakaniken nawa dattijo ne, tun yana yaron gareji Bitil yake gyarawa, kuma da farko bai so aikin ba. Cewa ya yi, "Motar babanka shekara hamsin tana tsayawa da duram, yau ne za ta kasa?" Na ce, "Baba, a da ba a cika hanya da tirela haka ba." Ya yi shiru, ya ce a kawo jak.

Kwana biyu aikin ya ci. Cire tsohon sipindil daga boljoyin shi ne mai wahala, don sun daɗe da kama juna. Wanda zai yi wannan aiki ya tuna notin da ke riƙe boris a sipindil ɗin hagu zarensa a juye yake, ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran, kuma ta tsakiyar sipindil ɗin hagu ne wayar agogon gudu ke bi. Akwai kuma wani zobe a boljoyin na sama da ke saita jinginar taya, idan aka mayar da shi ba daidai ba taya za ta riƙa cin gefe ɗaya. Muna gamawa sai da na kai ta aka yi mata alaimen.

Kuskure ɗaya aka yi, yaron gareji ya musanya kalifar dama da ta hagu. Suna shiga lafiya lau, ba za ka gane ba, sai dai bakin fitar da iska ya koma ƙasa maimakon sama. Muka yi ta famfo, birki yana lotsawa kamar soso, don iska sama take taruwa kuma ba ta da hanyar fita. Baba ya leƙa sau ɗaya ya gano. Aka juya su, cikin minti goma birki ya yi tauri.

Abin da saitin bai zo da shi ba, kuma ya kamata a ce an gaya wa mai saye, shi ne masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka. Tsohuwar mastar tana da wani ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi a layi, wanda duram ke so, amma a kan dis sai ya sa fad ya riƙa gogar faifai ko ka ɗaga ƙafa. Mun ɗaga motar mun juya taya da hannu, tana jan ƙafa. Na sayi masta ta dis, mai layi biyu kamar ta asali, wato gaba daban baya daban, aka zuba sabon man birki DOT 4. Wannan ƙarin kuɗi ne da ban yi lissafinsa ba.

To, me ya canza? Duk wanda ya ce maka motar za ta riƙa tsayawa kamar sabuwar Corolla, ba gaskiya ya faɗa maka ba. Bitil ba ta da bustar da ke taimaka wa ƙafa, da ƙarfinka kake takawa, jiya da yau. A takun farko, birki da sanyi, duram ɗin da aka saita da kyau ba ya jin kunyar dis ko kaɗan. Kuma injin motar a baya yake, gabanta ba shi da nauyi, tankin mai ne kawai da sifeya taya. Ranar da tanki ya yi ƙasa, a kan titi mai yashi, na taka da ƙarfi sai tayoyin gaba suka kulle da wuri fiye da yadda na saba. Sai da na sake koyon ƙafata a kanta.

Bambancin yana taku na goma ne. Na sake gangara Hawan Kibo sau uku tun da aka yi aikin, a giya ta biyu da ta uku kamar yadda ya dace, kuma yadda birkin ya kama a sama haka ya kama a ƙasa. Faifan a fili yake, iska na dukansa. Sai kuma ruwa. A da in na ratsa kududdufi a damina, duram ɗaya ya sha ruwa ɗaya bai sha ba, ina taka birki sitiyari zai fizge ni gefe. Daminar bana gaba ɗaya ban ga haka ba, faifan na juyawa sau biyu ya watsar da ruwan. Wannan tsayuwar a miƙe ita ce ta fi komai daraja a wurina, don jikokin mai motar ne nake ɗauka a baya. Na kuma huta da shiga ƙarƙashi da sukuddireba ina juya taurarin saiti na gaba, tunda dis da kansa yake matsowa yayin da fad ke cinyewa.

Fad ɗin da suka zo a kwalin suna ƙara da safe, wani siririn kuka da ke ɗaukar hankalin mutane a danja, kuma suna baƙanta farin wili da ƙura. Bayan wata uku na canza su, kukan ya ragu sosai.

Wanda Bitil ɗinsa ta biki ce da hawan salla, ina ganin ya gyara duram ɗinsa kawai, sabon shu, sabon tiyo, sabon mai, ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuma tasa tsohuwa ce mai noti biyar masu faɗi, ko mai tsohuwar ƙafar kinfin ta kafin zuwan boljoyin, wannan saitin ba nasa ba ne, ya bincika kafin ya biya. Amma mai shiga da ita cikin cunkoso da gangara irin tamu ta Filato, ni na yi kuma da za a mayar da ni baya zan sake yi, sai dai in sayi boris da masta tun ranar farko.

Tsofaffin duram da sipindil ɗin ban sayar wa 'yan gwangwan ba, duk da sun taya. Na shafe su da giris na naɗe a buhu, suna sito, ko wata rana wani daga cikin 'ya'yana zai so ya mayar da ita yadda kakansa ya tuƙa ta. Yanzu birkin baya ne a gabana, don Baba ya nuna min silindar hagu ta fara tsattsafo, kuma ya ce in kawo ta ranar Asabar.